Nasiha Ga Malamai Da Almajirai A Kan Mashayin Da Ke Neman Abokan Tuba

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya bar ƙofar tuba a buɗe dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su har ranar sakamako.

Amma bayan haka, wannan takarda ce daga ɗan'uwanku mai koyar da yara allo a ƙasar Ruma, zuwa ga malamai da gardawa da almajirai na Batsari da Safana da abin da ke kewaye da su. Ban yi boko ba. Abin da za ku gani a ciki na labarin ƙasashen nesa da na likitoci, wani almajirina ne da ke aikin asibiti ya karanta mini shi, na sa ya maimaita har na riƙe. Abin da ke na littattafanmu kuwa, kun fi ni saninsa, tunatarwa kaɗai nake yi.

Dalilin rubuta ta shi ne, wani dare bayan lisha, yara sun tashi, wutar ƙiskali ta mutu, sai wani mutum ya yi sallama a zaurena. Tare muka yi allo da shi tun muna ƙolaye. Ya durƙusa nesa da ni kamar baƙo, ya ce, Allah gafarta Malam, shekara shida ke nan ina shan giya. Na rantse da Alƙur'ani na bari, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, in kwana bakwai in koma. Ba fatawa na zo nema ba, na san haramun ce. So nake ka nuna mini wani mutum wanda ya taɓa sha ya bari, in zauna da shi in ji yadda ya yi. Na yi shiru, domin ba ni da wanda zan nuna masa. Sai na yi masa wa'azi mai tsawo, na yi masa rubutun sha, na sallame shi. Ya yi godiya ya tafi. Bayan kwana tara aka tsince shi a kwance a bayan tasha. Ran nan na san ya tambaye ni abu guda, na amsa masa wani.

Fasali na farko, a kan halin da muke ciki.

Ku sani, ya 'yan'uwa, hani ga giya ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shari'a ta hana ta tun kakanninmu. Turawa ma da suka zo, sun sa Arewa cikin yankin da ba a sayar wa 'yan ƙasa barasarsu, bisa yarjejeniyar da suka ƙulla a Birasels a 1890. Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a a shekara ta 2000. A 2024 hukumar NAFDAC ta shelanta hana barasar da ake ƙullawa cikin 'yar leda da 'yar kwalba. Da dukkan wannan, ba wanda za shi dafa Littafi shi ce ba a sha a garuruwanmu. Ana sha a ɓoye, ana haɗawa da ƙwaya da kodin da wiwi. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14 da ɗoriya a Nijeriya suna taɓa kayan maye, ban da giya da taba, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙidaya mutum miliyan 2 da dubu 600 da giya ta yi sanadin mutuwarsu a shekara ta 2019 kaɗai.

Mu nan bakin dajin Rugu muna da ƙarin dalili. Kun san abin da ya auku a Tsauwa da Ɗankar a Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum 30 a dare guda. Kun san na Afrilun 2020, da aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Mutum ya bar gonarsa, ya bar shanunsa, ya binne ɗansa da hannunsa, ya koma zaman gudun hijira a gidan wani, ko ya tafi ci-rani Kudu inda ba wanda ya san ubansa. In dare ya yi barci ya ƙi zuwa. Sai wani shi miƙo masa kwalba shi ce, sha ka samu ka runtsa. Abokin nawa haka ya fara. Ba ina ba shi uzuri ba ne, sabo sabo ne. Amma likitan da bai san mafarin ciwo ba, ba shi dacewa da maganinsa.

To, mutumin nan in ya so bari, ina za shi? Abu uku muka tanadar masa. Na ɗaya tsoron bulala. Na biyu kunya, a bar gaishe shi, a hana ɗiyarsa miji. Na uku gidan mari. Kun ji abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, da Daura da birnin Katsina a Oktoban shekarar, mutane cikin sasari, jikinsu duk tabo. Ni kaina na taɓa ba wani uba shawara shi kai ɗansa irin wannan wuri, ina neman gafarar Allah a kan haka. Yaron ya yi wata takwas, ran da aka kwance shi ran nan ya koma ruwa. Mari shina riƙe ƙafa, ba shi riƙe zuciya.

Fasali na biyu, a kan cewa wa'azi kaɗai ba shi isar wanda ya kamu.

Ku duba yadda Allah da kansa ya raba sahabbai da giya. Bai yanke ta rana ɗaya ba. Ya ambace ta a Suratun Nahli aya ta 67, ya rarrabe ta da arziki mai kyau. Kana a Baƙara aya ta 219 ya bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta. Kana a Nisa'i aya ta 43 ya hana a kusanci salla cikin maye. Sa'an nan a Ma'ida aya ta 90 da 91 ya yanke ta gaba ɗaya. Uwar Muminai A'isha ta bayyana, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ƙi bari. Hukunci ya riga ya tabbata, ba mai sake shi, kuma ba ina cewa a halatta wa kowa kurɓi ɗaya ba. Abin lura shi ne, da hanin ya sauka jama'a guda ce ta bari tare. Aka tuntsurar da tuluna har ta gudana a titunan Madina, kowa shina ganin maƙwabcinsa shina zubar da tasa. Ba a bar mutum ɗaya shi yi ta kokawa da ransa a ɗaki ba.

Ku tuna kuma da mutumin da ya kashe rai 99 ya cika na 100. Malamin da ya ba shi fatawa bai tsaya ga cewa tubarsa karɓaɓɓiya ce ba, sai da ya umurce shi shi bar ƙasarsa shi tafi wurin wasu bayin Allah shi zauna da su. Malamin ya san tuba ba ta tsayuwa ga mutumin da bai sake majalisa ba. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mashayi shina da majalisa, a can ake yi masa maraba, a can ake jin kukansa. In muka ce shi bar ta ba mu ba shi wata ba, mun ce shi zauna shi kaɗai ke nan, kaɗaici kuwa shi ne gonar Shaiɗan.

Likitoci sun ƙara mana wani sani. Wanda ya daɗe shina sha kullum, jikinsa ya saba, har ƙwaƙwalwarsa ba ta daidaita sai da ita. In ya yanke kwatsam, tsakanin sa'a 6 zuwa 24 sai makyarkyata ta kama shi, da gumi, da amai, da rashin barci. Waɗansu sukan yi farfaɗiya cikin kwana biyun farko. Waɗansu a kwana na biyu ko na uku hankalinsu shi gushe, su riƙa ganin macizai da ƙwari a bango, zazzaɓi shi rufe su, wannan kuwa shina kisa. Sau nawa aka kawo mana irin wannan muka ce iska ce, muka yi ta turare da ruƙiyya? Ku yi addu'a, amma ku yi ta a kan hanyar asibiti. Imamu Gazali a Ihya'u, cikin littafin tuba, ya kamanta malamai da likitocin zukata. Likitan kirki shi ne wanda ya san iyakarsa.

Fasali na uku, a kan labarin majalisar masu bari.

A shekara ta 1935, wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson ya tafi garin Akron a jihar Ohayo ta Amurka. Mashayi ne da ya yi wata biyar bai sha ba. Cinikin da ya je yi ya lalace, ya tsinci kansa a masauki shi kaɗai, ga ɗakin shan giya kusa da shi. Ya ga in bai samu wani mashayi ya yi magana da shi ba, lalle za shi koma. Ya yi ta neman wanda za a haɗa shi da shi, har aka kai shi ga wani likita mai suna Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kaɗai za shi ba shi, sai ga su sun kai wajen sa'a shida suna zance. Abin da ya kama zuciyar likitan shi ne, baƙon bai zo yi masa wa'azi ba, ya zo ne shina cewa, ni nake bukatarka. Daga su biyu ƙungiyar da ake kira Alcoholics Anonymous ta tashi, AA a taƙaice, watau mashayan da ba a faɗin sunansu. Suna ƙidaya mafarinta daga ran 10 ga Yuni 1935. Suka buga littafinsu a 1939. A 1951 iyalan mashaya suka kafa tasu, a 1953 masu shan ƙwaya suka kafa tasu.

Tsarinsu mai sauƙi ne. Sukan taru a ɗaki kamar sa'a guda. Ba kuɗin shiga, ba rajista, sharaɗi ɗaya ne, mutum shi kasance shina son bari. Kowa shi faɗi halinsa, ba a katse shi, ba a yi masa gori. Ba su ɗaukar alkawarin shekara, na yini guda suke ɗauka, gobe su sabunta. Sabon shiga shina samun wani tsohon hannu wanda za shi kira in sha'awa ta taso masa, ko da tsakar dare ne. Suna da matakai 12, a cikinsu akwai yarda da gazawa, da mai da al'amari ga Ubangiji, da ƙididdige laifin kai, da neman yafewar waɗanda aka cuta, da taimakon wanda ke baya. Ɗalibin da ya karanta sharuɗɗan tuba, nadama da bari da ƙudurin rashin komawa da mayar da haƙƙi, ba za shi ji waɗannan baƙi a kunnensa ba.

Shin tana aiki? A 2020 masu binciken likitanci na Cochrane suka tattara bincike 27 da ya shafi mutum 10,565. Suka ga bayan shekara guda, cikin 100 da aka bi da su ta wannan hanya bisa tsari, kimanin 42 ba su koma ba, alhali cikin 100 da aka bi da su ta wata hanyar shawara, 35 ne. Ku lura da kyau, fiye da rabi sun taɓa komawa. Saboda haka kada wani shi ɗauke ta laya. Hanya ce da ta fi waɗansu, kuma talaka shina iya ta, domin ba ta cin kwabo.

Fasali na huɗu, a kan abin da za a ce.

Idan ka ce, wannan abin Nasara ne, asalinsa daga wata ƙungiyar Kirista ya fito, sai in ce gaskiyarka game da asali. Amma allurar da ake yi wa ɗanka ma ba a Ruma aka ƙera ta ba. Musulmi sun riga mu duba wannan mas'ala. A Baltimo ta Amurka, a 1989, Musulmi suka kafa Millati Islami, suka gina matakan bisa tauhidi da salla da tuba. A Iran, tun shekarun 1990, irin wannan zama na masu barin ƙwaya ya yaɗu har ana yin dubbai a kowane mako. Mu ma ba sai mun aro ba. Wane ne bai san gayya ba, inda gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya ake taru a nome ta? Wane ne bai san adashi ba? Wannan gayya ce a kan zuciya.

Idan ka ce, faɗin zunubi a gaban mutane bayyana sabo ne, kuma hadisi ya yi kashedi ga masu bayyanawa, sai in ce wanda aka zarga shi ne wanda Allah ya rufa masa asiri da dare, ya wayi gari shina ba da labari don alfahari ko rashin kunya. Mai neman magani dabam ne. Mutumin da ya karya azuminsa da iyalinsa da rana a Ramalana ya zo ga Annabi cikin mutane ya faɗi abin da ya yi, ba a kore shi ba, aka nuna masa mafita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai a majalisar kada a zurfafa cikin siffanta sabon, kada a ambaci sunan wanda ba shi nan.

Idan ka ce, ina haddi, alhali Risala ta Ibn Abi Zaidin ta ce bulala 80, sai in ce haddi gaskiya ne, amma na alƙali ne bayan magana ta kai gabansa da hujjarta. Ba na mai zaure ba ne. Kafin ta kai, sutura aka fi so. Ku duba Muwaɗɗa, abin da aka faɗa wa Hazzalu game da Ma'izu, cewa da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa. Ku duba Buhari, labarin sahabin da ake yi wa laƙabi da Himaru, wanda aka sha kawowa saboda sha. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. A wani hadisin ya hana a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Abu Mihjan kuwa, wanda Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ɗaure saboda giya a yaƙin Ƙadisiyya, bulala ba ta raba shi da ita ba. Ran da Sa'adu ya ga jaruntakarsa ya girmama shi ya sake shi, ran nan ya bari.

Idan ka ce, tara mashaya wuri ɗaya tara wuta da auduga ne, sai in ce wannan tsoro shina da tushe, shi ya sa aka sa sharuɗɗa, ga su nan tafe.

Fasali na biyar, a kan yadda ake nema.

In mutum ya zo maka kamar yadda aka zo mini, fara da tambayarsa: kullum kake sha? Hannunka shina rawa da safe kafin ka sha? Ka taɓa faɗuwa da ka bari? In ya ce i ga ɗaya daga ciki, kada ka ce shi yanke a gida. Raka shi da ƙafarka babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, a faɗa wa likita gaskiya. Akwai maganin da ke kwantar da makyarkyata, da wanda ke kare ƙwaƙwalwa, da wanda ke rage sha'awa daga baya. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura shi gaba, ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, wanda ke da sashe na musamman don masu shaye-shaye, ko na Kware a Sakkwato, ko na Dawanau a Kano. Zuwa can ba hauka ba ne.

Na biyu, a wurin likita ko ma'aikacin jinya za ka yi tambayar majalisa. Ka ce, akwai waɗanda kuka sallama da ke haɗuwa? Akwai wani daga yankinmu da ya bari, wanda za shi yarda a haɗa shi da wannan? Su ne suka san su, kuma ba su ba da suna sai da izinin mai shi. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kamu tana da sashen ba da shawara, ta kuma buɗe layin waya na kyauta a 2022 wanda ba a tilasta wa mai kira faɗin sunansa.

Na uku, 'yan AA suna zama a manyan birane kamar Ikko da Abuja, suna kuma yi ta wayar salula, mafi yawa da Turanci. Ɗan ci-rani da ke can, ko mai jin Turanci, shi neme su. Amma manomin Wagini ko Runka ko Zakka, wannan ta yi masa nisa, kuma kun tuna yadda aka rufe layukan waya a nan a ƙarshen 2021. Abin da ke hannunka ya fi abin da ke rataye a iska. In ka nema ba ka samu kusa ba, to ka sani mutum biyu ne suka fara waccan. Samo na biyu, majalisa ta kafu.

Fasali na shida, a kan sharuɗɗanta.

Na ɗaya, amana. Abin da aka faɗa a zaure shi mutu a zaure. Malamin da ya ɗauki labarin wani ya kai mumbari, ko da bai faɗi suna ba, ya ci amana, domin a ƙauye kowa ya san kowa.

Na biyu, a sanar da mai unguwa ko dagaci cewa ana zaman, da dalilinsa, ban da sunaye. A ƙasar da ake zargin juna da kai wa 'yan bindiga labari, taron maza a ɓoye shina iya jawo wa mutum halaka. In da hali, maganar ta kai kunnen hakimi, Sarkin Ruma a Batsari ko Yariman Katsina a Safana, domin inuwarsu ta rufe ta.

Na uku, lokaci. A yi da rana, tsakanin azahar da la'asar, kada a sa kowa bin hanya da dare. A zaɓi ranar Alhamis da yara ba su karatu, zaure ba kowa, ko ranar kasuwa, da mutumin ƙauye ke da dalilin shigowa gari ba a tambaye shi ba. Rana ɗaya, wuri ɗaya, kowane mako, ko mutum biyu ne suka zo.

Na huɗu, malam shi ba da tabarma da buta, shi buɗe da addu'a, kana shi kame bakinsa. Wannan shi ya fi mana wuya, mu da muka saba a saurare mu. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Maganar wanda ya yi wata shida bai sha ba ta fi tawa shiga kunnen wanda ya yi kwana shida.

Na biyar, ba kuɗi, ba siyasa, ba gardamar ɗariƙa da Izala, ba bashi tsakanin 'yan majalisa. Ba a shigo da abin sha ko ƙwaya. Wanda ya zo cikin maye a zaunar da shi gefe, a raka shi gida, a ce shi dawo mako mai zuwa. Maƙwabcinmu da ba Musulmi ba in ya zo neman bari, a shimfiɗa masa.

Na shida, wanda ya zame ya koma, kada a rufe masa ƙofa. A tambaye shi me ya faru ran nan, wa ya gani, me ya ji, domin saura su ƙaru. Kowa shi samu abokin riƙo guda wanda za shi ƙwanƙwasa wa ƙofa in dare ya yi masa tsawo.

Na bakwai, mata su yi tasu, mace ta jagorance su. Akwai masu sha a cikinsu, akwai kuma matan mashaya da uwayensu, waɗanda ke ɗauke da kaya ba su da wurin saukewa. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji suna tara mata ƙauye ƙauye, ana kiransu 'Yan Taru. Hanyar tana nan, sai mai bi.

Cikawa.

Abokin nawa, da aka ɗauko shi daga bayan tasha, na raka shi asibiti, ya kwana biyar. Ma'aikacin jinya ya haɗa mu da wani direba da ya yi shekara uku da bari. Suka fara zama a zaurena su biyu, ni ina bakin ƙofa ina wanke alluna. Yanzu su biyar ne. A wata na huɗu aka sace ƙanensa a gona, ya zame ya sha kwana uku. Ran Alhamis sai ga shi, kansa a sunkuye. Direban ya matsa masa a tabarma ya ce, zauna, yau ma rana ce. Ba ni ce muku ya tsira, ƙarshen kowa Allah kaɗai ke riƙe da shi. Abin da nake shaida shi ne, yau da asuba kafaɗarsa na jikin tawa a sahu.

Ya ku malamai, a kowace unguwa akwai wanda ke tsaye a bayan zaurenku shina jin tsoron sallama. Akwai kuma wanda ya bari tuntuni, shina ɓoye labarinsa don kunya, alhali labarin nan magani ne ga wani. Aikinmu shi ne mu haɗa su, mu rufa asirinsu, mu ba su wuri. Ya ku almajirai, wanda ya karanta wannan takarda shi karanta wa wanda bai iya ba, kada shi nuna kowa da yatsa sa'ad da shike karantawa.

Abin da na dace a ciki daga Allah ne, abin da na kuskure daga gare ni ne, wanda ya ga gyara shi gyara. Allah shi karɓi tubarmu, shi rufa asirinmu duniya da lahira, shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi mayar da kowa gonarsa. Amin. Haza wasalam.